Kwalaben da Suka Kai Mijina Bencin Baya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda yake duba cikin mutum da kansa, ba ya tambayar maƙwabta. Ku ce amin. Ban ji na ɓangaren dattawa ba. Yauwa, yanzu na ji.

Ga baƙin da ke cikinmu, sunana Laraba, ana ce mini Maman Alheri. Ina koyarwa a firamare a nan Goronyo. Daga Zuru aiki ya kawo mu. Wancan siririn mutumin da ke zaune a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, yana sunkuyar da kai, shi ne mijina Dauda. Shaidar tasa ce, amma in kun jira shi ya yi ta, cewa zai yi "Allah ya warkar da ni, na gode," ya koma ya zauna. Ni kuwa ba haka Allah ya yi ni ba.

Baba Fasto, na ga ka dubi agogo. Ka yi haƙuri. Ranar da aka yi sanarwar mijina daga kan wannan bagadi ba wanda ya dubi agogo.

Aikin Dauda raba ruwa ne. Ruwan da ake saki daga dam ya bi kanal zuwa gonakin rani, shi ne mai buɗe ƙofofinsa da rufewa, yau layin masu shinkafa, gobe na masu albasa da tafarnuwa. Da su biyu ne a wannan yanki. Abokin aikinsa ya yi ritaya, ofis suka ce za a turo wani, shiru. Dauda ya haɗa aikin mutum biyu ya ɗora a kansa.

Kun san manomin rani. In ganyen albasarsa ya ɗan langaɓe, ba ruwansa da ko ka ci abinci ko ka runtsa. Kafin gari ya waye suna bakin ɗakin kwanon da Dauda yake kwana a can gefen kanal. Rana ta take, yana kan babur daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ranar Juma'a abokan aikinsa na ofis su tafi masallaci, a ce Dauda ya riƙe. Azumi ya zo, a ce ai Dauda ba ya azumi, ya riƙe. Ranar Lahadi fa, wa zai riƙe masa? Ruwa bai san Lahadi ba.

Haka ya daina zuwa sujada sai jefi-jefi. In ya zo, ido jawur saboda rashin barci, ana wa'azi yana gyangyaɗi. Tuwon da nake tuƙawa sai ya kwana ya wayi gari bai zo ya ci ba. Abincinsa shayi da burodi a tsaye, sukari kamar za a yi alewa. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi fushi na daina magana. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Maman Alheri, in ban buɗe ba, shinkafar mutane za ta ƙone."

Dama can shi ba mai jiki ba ne. Tun yana saurayi in ya sa riga sai ka ce a kan ƙusa aka rataye ta. To da aikin nan ya ƙara tsotse shi, sai uwarmu Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ta tausaya masa. Ina faɗar wannan da gaskiya, tausayi ne. Shagonta yana kan hanyarsa. Duk sanda ya biyo, sai ta tare shi.

"Ɗana, zo nan. Dubi wuyanka! Jininka ya ƙare. Ungo."

Ta fasa malt, ta huda madarar gwangwani, ta haɗa masa a kofi. Wanda bai taɓa jin cewa malt da madara na ƙara jini ba a cikin ɗakin nan ya ɗaga hannu. Babu. Dukanmu haka muka taso muka ji. Har ta riƙa ɗaura masa wasu a bayan babur, ya tafi da su bakin aiki, safe ya sha, rana ya sha, yamma ya sha. Ni da kaina na je har shago na durƙusa na yi mata godiya.

Ana nan, cikin zafin bazara, Dauda ya sunkuya zai murɗa ƙarfen ƙofar ruwa, jiri ya kwashe shi. Ba don wani manomi ya cafko rigarsa ba, da cikin kanal zai faɗa, ruwan kuwa a cike yake yana gudu. Da yanzu wata shaidar kuke ji, ko kuma ba ku jin komai.

Sai a lokacin ya faɗa mini ya daɗe yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, da wata gajiya da barci ba ya kore ta. Muka hau mota, muka bi ta Marnona muka shiga Sakkwato. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitar, wata mace mai fara'a, ta juyo da na'urar ta nuna mana, ta ce kitse ne ya taru a hantarsa, har hantar ta fara kumburi.

Na yi dariya, Allah ya sani. Na ce, "Likita, ki dube shi da kyau. Wannan in an matse shi kaf ba za a sami man da za a soya ƙwai ɗaya ba. Ina ya ga kitse?"

Ta ce ba sai mai ƙiba ba. Ta ce siriri ma yana tara kitse a ciki inda ido ba ya gani, musamman mai dogon aiki ba hutu, ba barcin kirki, ba abinci a kan lokaci, sai kayan zaƙi. Ta tambaye shi ko yana shan giya, ya ce bai taɓa ba. Ta tambayi abin da yake ci da sha tun daga safe. Da ya zo kan malt da madara, ta ajiye biro ta ce, "Kullum?" Ya ce kullum. Ta ce ya daina daga yau, ya rage aiki, ya riƙa barci, ya riƙa taka ƙasa da ƙafa, in ba haka ba hantar za ta ƙeƙashe, kuma in ta kai nan ba a dawo da ita.

Muka dawo gida. Na zo nan ranar addu'ar tsakiyar mako, na miƙe na ce, 'yan'uwa ku taya mu addu'a, an ce mijina yana da kitse a hanta. Ni a wautata na ɗauka gida na kawo kuka.

Kafin Lahadi magana ta zaga gari ta dawo da ƙafafu. Wai siriri ba ya kitse, ƙarya muke yi don mu rufa asiri. Wai ciwon hanta ai kowa ya san na mashaya ne, mun ga irinsa a gida wurin masu burkutu. Wai dama an lura, ido ja, tafiya yana tangaɗi, ga gudun sujada. Sannan wani ɗan'uwa, yana nan zaune, ba zan kira suna ba, ya san kansa, ya hau babur takanas ya je har bayan ɗakin kwanon Dauda. Bai je dubiya ba, bincike ya je. Ya dawo ya ce ya ga kwalabe jajaye jibge a bayan ɗaki.

Haba ɗan'uwa! Ka yi tafiyar nan duka cikin rana, ka kasa sunkuyawa ka ɗauki kwalba ɗaya ka karanta abin da ke jikinta? Ko hancinka ma ai da ya gaya maka.

Aka kira mu gaban dattawa. Dauda yana tafiya yana dafa bango. Ya ce bai sha ba. Na ce malt ne, kuma ga wadda take ba shi. Wani dattijo ya ce, "To Maman Alheri, mace ai dole ta kare mijinta." Aka aika a kira Mama Saratu. Da na ga ta shigo, sai na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Mama, kina tuna abin da kika ce? Ni ina tunawa, don kullum da shi nake tashi. Kika gyara ɗankwali, kika dubi ƙasa, kika ce, "Ni dai malt na ba shi. Abin da yake sha in ba na wurin, wannan ban sani ba."

Wayyo Allah! Da ƙarya kika yi masa da ta fi mini sauƙi. Kin riga kin ji abin da likita ta ce game da zaƙi, kin ji tsoro kada a ce ke kika sa masa ciwo. Ba wanda zai ce haka, Mama. Da kyakkyawar zuciya kika yi. Amma kika zaɓi a kira shi mashayi da a ce maganinki bai yi ba.

Ranar Lahadi aka hau bagadin nan aka sanar, da lasifika, har masu wucewa a hanya suna ji, cewa an sa ɗan'uwa Dauda ƙarƙashin horo. Ya sauka daga cikin mawaƙa, ya koma bencin baya, ba zai ci gurasar Jibin Ubangiji ba sai ya tuba. A garin nan fa, inda ake ƙirga mu da yatsa, inda in aka ce Kirista ya sha giya dukanmu ake kallo. 'Yata Alheri ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata 'yar mashayi. Kuma ba yaran gari suka faɗa ba, yaranmu ne na makarantar Lahadi.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Mutumin nan, likita ta ce ya huta. Da kuka kore shi baya, sai ya ga ba shi da inda zai sa kansa sai bakin kanal. Ya koma aiki fiye da da. Na ce, "Baban Alheri, so kake ka mutu?" Ya ce, "A can dai ba mai kallona." Na ce mu bar cocin, ya ce ba don mutum yake zuwa ba. Na ce bari in je shagon Mama in yi mata tas, ya riƙe mini hannu ya ce, "Uwa ce." Uwa! Ni kam a lokacin ban ga uwa ba.

Zumuntar mata, ina kuke? Mu da in akuyar 'yar'uwa ta haihu sai mun sa anko mun je barka. Mijina yana kwance rabi yana aiki rabi, ƙafar mutum nawa ta taka gidana? Kada ku amsa, na san amsar.

Sai ranar Jibin Ubangiji ta zo. Ina zaune a can ɓangaren mata, ina kallon tiren gurasa yana bin layi. Ya zo bencin baya, mai rabawa ya ɗauke kai ya wuce. Na ga Dauda ya riga ya ɗan buɗe tafin hannunsa, don ya saba, sai ya tuna, ya mayar da hannun cikin aljihu.

Ban jira addu'ar rufe sujada ba. Na fita, na yi ta tafiya cikin rana tsaka har bakin kanal, na zauna a kan siminti mai zafi. Ba zan ce muku na yi addu'a mai daɗin ji ba. Faɗa na yi. Na ce, "Ubangiji, kana gani ko ba ka gani? Kai ka halicci hantar nan, ka san abin da ya shiga cikinta. In mijina mashayi ne ka tona shi a gaban kowa. In kuwa ba shi ba ne, to ka yi magana, don ni na yi an ce mace ce. Kada ka bar shi ya mutu da sunan da ba nasa ba. Ka aiko wanda za su ji maganarsa!" Na yi kuka har majina, ruwa yana ta wucewa abinsa.

'Yan'uwa, Allah yana ji! Amma ba ya aiko wanda kake zato.

Ina isa gida na tarar da baƙo a zaure. Malam Umaru ne, shugaban manoman layin Dauda, dattijo mai farin gemu, gidansu gidan malamai ne tun kakanni. Ya ji an ce jikin ya sake tashi, ya zo dubiya da zabbi biyu. Bayan gaisuwa ya dube ni ya ce, "Malama, mi yas sa idonki ya kumbura? Kuma ina mutanenku? Ko yaushe niz zo ban iske kowa."

Dauda yana yi mini alama da ido in yi shiru. Ban yi ba. Na zazzage masa komai.

Malam ya yi salati, ya ce, "Giya? Dauda? Wa yac ce? Wallahi ƙarya ta! Wanga bawan Allah da muka tayarwa tun da asuba, mu yini tare, numfashinai a fuskarmu? Da yana sha, mu munka fara sani. In akwai mai laihi, mu na, da munka hana shi kwana."

Washegari da hantsi ya sa babbar riga, ya ɗauko manoma biyu, suka zo har gidan Fasto. Tun da aka gina cocin nan ban taɓa ganin Malam ya tako harabarsa ba. Baba Fasto yana nan, in na ƙara gishiri ya tsayar da ni. Malam ya ce masa, "Ku kuna ganinai rana guda cikin bakwai, ita ma ba kullum ba. Mu muna tare da shi dukkan sauran. Kun tambaye mu?"

Ba su tsaya nan ba. Suka tara manoma suka tsara wa kansu layin ruwa, suka ce daga faɗuwar rana ba mai sake buga wa Dauda ƙofa, ranar Lahadi kuma su za su tsare. Suka yi ta sintiri a ofis har aka turo mutum na biyu. Abin da na shekara ina roƙo, mutanen da ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba suka ba mijina ranar hutunsa.

Zan faɗi gaskiya a kan Baba Fasto. Da lokacin komawa asibiti ya yi, ya ce zai bi mu. Ya shiga motar haya tare da mu, aka matse shi a baya tsakanin buhunan albasa, bai yi ƙorafi ba. Ya zauna gaban likita ya yi tambayoyinsa, ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce masa tana ganin masu irin wannan ciwo da ko warin giya ba su sani ba, kuma da yawansu sirara ne masu aiki ba ji ba gani. A hanyar dawowa muka biyo ta Marnona. Can ya kama hannun Dauda ya ce, "Mun yi maka laifi." Na ji wannan, Baba, kuma na riƙe.

Dauda ya bar malt, ya bar shayin sukari. Yana cin tuwona da miyar ganye a zaune kamar mutum. Yana barci har da minshari, abin da a da nake tsaki, yanzu in na ji sai in ce na gode Yesu. Ƙofofin da ke kusa, da ƙafa yake zuwa, babur yana jingine. Muka koma aka sake hoto, likita ta ce kumburin ya sauka, kitsen yana ja da baya, jininsa ya daidaita. Haleluya! Ku ɗaga murya mana, ai ba ku aka yi wa horo ba. Haleluya!

To ga abin da ya tsayar da ni a nan yau. An ɗage horon. Kun sani? Yawancinku ba ku sani ba. A ɗakin dattawa aka ɗage shi, ƙofa a rufe, murya ƙasa-ƙasa, wai kada a tayar da tsohon zance. Da lasifika aka ɓata shi, da raɗa aka wanke shi. Har makon jiya wata ta ja ni gefe tana ce mini, "Mun gode Allah da maigidanki ya tuba." Ya tuba daga me? Daga buɗe wa mutane ruwa?

Shi ya sa na karɓi lasifikar da kaina. Ku ji da kyau, har masu wucewa a hanya: Dauda mijina bai taɓa shan giya ba. Aiki ne ya ci shi, da zaƙin da aka ba shi don ƙauna.

Ana ce mini in gafarta. Ina ƙoƙari. Kullum ina kai abin gaban Ubangiji, wata rana in ji ya sauka, wata rana in ga fuskar wani a kasuwa ya dawo sabo. Ba zan tsaya a wuri mai tsarki in ce muku na gama ba. Shi dai ya gama tuntuni. Har yau in ya biyo ta shagon Mama Saratu sai ya sauka daga babur ya gaishe ta.

Mama, ba na neman ki durƙusa. Abu ɗaya nake roƙo. Na ga yaron nan ma'aikacin asibiti da aka turo mana daga Rabah, wanda yake haɗa aikin safe da na yamma, ya rame, idonsa ya yi ja. Na ga an fara tare shi a shago. Ki ba shi tuwo, Mama. Ki ce ya je a duba shi. Ku kuma dattawa, in bai zo sujada ba, ku je ku ga ko yana da rai kafin ku je ƙirga kwalabe.

Duk siririn da ke nan yana taƙama wai shi ba ya da kitse, yana aiki kamar injin ban-ruwa, ya je a duba cikinsa. Ranar hutu ba shawara ba ce, umarni ne, kuma wanda ya ba da shi ya san abin da ya sa a cikin jikinmu.

Na gode wa Allah da ya riƙe rigar mijina a bakin kanal. Na gode masa da ya ji addu'ar mace mai fushi. Na gode masa da ya aiko mai shaida daga inda ba mu zata ba. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, shi kaɗai. Ni na gwada mutane.

Yau ma ranar Jibi ce, ga tebur an shirya. Baban Alheri, ka ɗago kai. Tun da aka ɗage horon nan kake komawa bencin baya, wai ka saba. Ban yarda ba. Tashi. Tashi mana, kowa yana kallo, dama sun saba kallonka. Ka tako gaba, ka fitar da hannun nan daga aljihu.

Ɗan'uwa mai tire, wannan karon daga kansa za ka fara.

Cikin sunan Yesu. Amin.